Edouard Mortier: Kwamandan da ya tsira daga tarkon Durenstein, ajali ya same shi a faretin Paris

Cikin manyan hafsoshin Napoleon, sunan Edouard Mortier bai yi amo kamar na Ney ko Murat ba. Amma shi ne aka fi tura wa aikin da kowa ke gudu.

An haife shi a ranar 13 ga Fabrairun 1768 a garin Le Cateau da ke arewacin Faransa. Ya shiga soja a zamanin juyin juya hali, ya mamaye yankin Hanover a 1803, sannan a 1804 Napoleon ya ba shi muƙamin Mashal, mafi girma a rundunar ƙasar.

Jarrabawarsa ta gaske ta zo ne a ranar 11 ga Nuwamban 1805, lokacin da Faransa ke yaƙi da ƙawancen Ostiriya da Rasha. Mortier na tafe da dakaru kusan 6,000 a arewacin kogin Danube, kusa da ƙaramin garin Durenstein a Ostiriya. Hanyar ƙunci gare ta: ruwa a gefe guda, duwatsu a ɗaya gefen. Murat, wanda ke tsallaken kogin, hankalinsa ya tafi ga kama birnin Vienna, ya yi gaba abinsa.

Mortier ya ɗauka 'yan tsirarun da ke gadin bayan rundunar Rasha yake bi. Ashe Janar Kutuzov na nan da mayaƙa fiye da 20,000. Wani janar ɗan Ostiriya mai suna Schmitt ne ya tsara yadda za a bi ta duwatsu a ɓullo wa Faransawa ta baya, kuma dabarar ta ci. Kafin magariba an yi musu ƙawanya.

Akwai jiragen ruwa a bakin kogi, an kuma nemi ya shiga ya tsere. Ya ƙi. Ya ci gaba da fafatawa tare da yaransa har cikin dare, har rundunar Janar Dupont ta iso ta buɗe musu hanya. An yi asarar dubban rayuka, Schmitt ma a nan ya mutu. Kowane ɓangare ya ce shi ya yi nasara, ko da yake gaskiyar magana Faransawa tsira kawai suka yi. Makonni uku bayan nan aka gwabza a Austerlitz, sai labarin Durenstein ya shige.

A 1812 ma shi aka bari a baya a Mosko, da umarnin ya tarwatsa fadar Kremlin. Ya dasa nakiyoyi, amma ruwan sama ya hana da yawansu tashi. A 1814 yana cikin waɗanda suka kare Paris har ta faɗi.

Bayan zamanin Napoleon ya yi jakadanci a Rasha ɗin da ya yaƙa, ya kuma riƙe kujerar firaminista na 'yan watanni daga ƙarshen 1834.

A ranar 28 ga Yulin 1835 yana rakiyar Sarki Louis-Philippe wajen duba fareti a Paris, wani mutum mai suna Fieschi ya harba bindigogi 25 da ya ɗaure wuri guda daga tagar wani bene. Sarkin aka nufa, kuma ya tsira. Mortier, mai shekara 67, na cikin mutum 18 da suka mutu.