Alhassan Ɗantata: attajirin da ya amsa sunan matar da ta rene shi

Wanda ya zauna a Sabon Ibadan ko Agege ya san yadda laƙabi ke cinye sunan yanka. A yi ta kiran mutum Mai Goro ko Ɗan Kano, har ranar da za a kai jikokinsa makarantar boko a rubuta musu shi a rajista, shi ke nan ya zama sunan gida. To haka abin ya faru da ɗaya daga cikin manyan gidajen arziki na ƙasar nan.

In ka bi salsalar marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, ba za ka iske wani kaka mai suna Tata ba. Mahaifinsa Abdullahi ne, kakansa kuma Baba Talatin, wanda ya taso daga wajen Katsina ya zauna a Madobi. Agalawa ne, wato fataken nan da suka shahara da kai ayari Gwanja sayen goro. An haifi Alhassan a Bebeji a 1877, garin da ke kan hanyar fatake. Mahaifiyarsa Fatima, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta.

Yana ƙaramin yaro Abdullahi ya rasu. Amarya ta tafi Ankara, babban birnin Gana a yau, ta bar yaran a Bebeji hannun wata tsohuwar baiwar gidan da ake kira Tata. Ita ta rene shi, mutane kuwa suka riƙa cewa ɗan Tata. Abin lura a nan, sunan da yau ke jikin kamfanoni da tituna na wata baiwa ne wadda ba ta da gadon ko anini a gidan, ga uba madugu, ga kaka attajiri, amma duk ba nasu aka ɗauka ba.

Ƙuruciyar ba ta zo da sauƙi ba. Lokacin Basasar Kano da ta ɓarke a 1893, tsakanin Tukur da Yusufawa, an kama shi cikin waɗanda aka kama, sai daga baya ya fanshi kansa. Ya bi hanyar Gwanja har ya iske mahaifiyarsa a Ankara, ya yi karatu, ya koma fatauci.

Nan ne tarihinsa ya haɗu da namu na Kudu. Yana cikin fataken farko da suka gane cewa ba dole sai jaki ya yi watanni a hanya ba: a loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, daga nan a haura da shi Arewa. Da jirgin ƙasa ya isa Kano wajen 1912, Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa, sai ya zama babban dilan kamfanin Neja, wanda daga baya ya koma UAC. A 1929, da aka buɗe reshen bankin Turawa a Kano, an ce raƙuma ashirin ne suka ɗauko masa kuɗin azurfa zuwa ajiya.

Ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955, ana lissafa shi wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. 'Ya'yansa irin su Ahmadu da Sanusi da Aminu duk da Ɗantata suka ci gaba da amsawa, aka bar Abdullahi da Talatin a bakin dattawa da littattafan masu bincike. Ta wajen Sanusi ne aka samu Hajiya Mariya, mahaifiyar Aliko Ɗangote. Shi kuwa Alhaji Aminu ya rasu a watan Yunin 2025, aka binne shi a Madina. Allah ya jiƙansu, ya jiƙan Tata.