Tarihin Jacques Monod, Wanda Ya Gano Makullan Gado

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, a wannan fitowa na zaɓi in ba ku tarihin wani masani Bafaranshe, Jacques Monod. Dalilina kuwa shi ne, aikinsa ya amsa wata tambaya da ta daɗe tana damuna a darasin kimiyyar halittu. An koya mana cewa kusan dukkan ƙwayoyin halittar jikinmu littafin gado iri ɗaya suke ɗauke da shi. To, yaya aka yi wata ta zama jar ƙwayar jini, wata kuma ta zama farar ƙwaya mai yaƙi da cuta?

An haifi Monod a birnin Faris ran 9 ga Fabrairu, 1910. Mahaifinsa mai zane ne, mahaifiyarsa kuwa Ba'amurkiya ce, kuma ya tashi a garin Cannes na bakin teku. Yana da son kiɗa da tuƙin jirgin ruwa ƙwarai. A 1934 ya bi wani jirgin bincike zuwa Girinlan. A 1936, maimakon ya sake binsa, sai ya tafi ƙaro ilmi Kalifoniya ta Amurka. A wannan shekara jirgin ya nutse kusa da Aisilan, mutum ɗaya kaɗai ya tsira. Mai rabon ganin baɗi, sai ya gani.

Da ya komo gida sai ya duƙufa kan nazarin bakteriya, har ya sami digirin dakta a 1941. Ya lura cewa idan aka ba su sukari iri biyu, sai su cinye na farko, su ɗan dakata, sa'an nan su soma cin na biyu. Wannan ɗan dakatawa shi ya zama aikin rayuwarsa. A lokacin kuwa Jamus ta mamaye Faransa, matarsa kuma Bayahudiya ce. Sai ya shiga ƙungiyar masu yaƙin ƙwatar ƙasa a asirce, alhali ya san in an kama shi ransa na cikin hatsari.

Bayan yaƙi ya kama aiki a Cibiyar Pasteur ta Faris. A nan ne shi da abokin aikinsa François Jacob suka bayyana sirrin a 1961. Bakteriya tana da ƙwayoyin gadon da ke sa ta narkar da sukarin madara, irin wanda ke cikin madarar shanun da ake yi mana nono da ita. Amma akwai wani furotin da ke zaune a bakin waɗannan ƙwayoyin gado, ya hana a karanta su. Da zarar sukarin madara ya shigo, sai furotin ɗin ya saki, a buɗe, a yi aiki. A 1965 aka ba su kyautar Nobel tare da André Lwoff. A 1966 kuma wasu masana a Amurka suka ware furotin ɗin, aka tabbatar da maganarsu.

Ni dai na kan kwatanta abin da laburaren makarantarmu. Littattafai duk suna nan a cikin kabad, amma wanda mai makulli ya buɗe maka shi za ka karanta. Irin waɗannan furotin masu makulli, an ƙiyasta akwai kimanin 1,600 a jikin mutum, wasu na rufewa, wasu na buɗewa.

Yanzu mu koma kan tambayata. A cikin ɓargon ƙashi akwai uwar ƙwaya wadda duk ƙwayoyin jini daga gare ta suke fitowa. Masana sun gano cewa masu makullin ne ke nuna wa kowace 'ya hanyarta. Idan wanda ake kira GATA1 ya rinjaya, sai ta nufi zama jar ƙwaya. Idan PU.1 ya yi yawa, sai ta nufi zama farar ƙwaya mai haɗiye ƙwayoyin cuta. Pax5 kuwa shi ke tsayar da ƙwayar B a kan sana'arta, wato yin sinadaran kariya irin waɗanda allurar rigakafin ƙyanda ke sa jiki ya yi. A 1999 masana a Biyana ta Ostiriya suka nuna cewa in aka cire wa ɓera Pax5, ƙwayar ba ta kammala zama B, har tana iya komawa wata iri dabam. Akwai kuma Foxp3, mai renon ƙwayoyin da ke hana garkuwar jiki ta afka wa jikin kansa. Bincike a kan wannan ya jawo wa masana uku kyautar Nobel ta 2025.

Kada iyayenmu su ɗauka wannan zancen Turawa ne kawai. Akwai wata sankara mai kumbura muƙamuƙin yara, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, ta fi yawa kuma a ƙasashen Afirka masu fama da zazzaɓin cizon sauro irin tamu. Tushenta shi ne wani mai makulli da ake kira MYC ya ƙi tsayawa, sai ƙwayar B ta yi ta haihuwa ba iyaka. Tana jin magani in an kai yaro asibiti da wuri.

Monod ya zama shugaban Cibiyar Pasteur a 1971. Ya mutu a Cannes ran 31 ga Mayu, 1976. Abin mamaki, cutar jini ce ajalinsa, cutar da ilmin da ya assasa ke taimakawa wajen fahimtarta a yau.

Darasin da na ɗauka shi ne kada mu raina ƙaramar tambaya. Yanzu da muke da Jami'ar Tarayya a nan Dutse tun 2011, hanya a buɗe take ga mai niyya. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.