Umaru Ganda: Baƙuwar Na'ura, Labarin Gida

An haifi Umaru Ganda a Yamai a shekarar 1935. Tun yana saurayi ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indoshina. Da ya dawo gida bai sami aikin yi ba, sai ya nufi Abijan, ya kama dako a tashar jiragen ruwa. A can ya gamu da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, wanda ya sa shi ya fito a matsayin jarumin Moi, un Noir na 1958. Labarin nasa ne, amma kyamarar tana hannun wani.

Bayan ya koma Yamai, Ganda ya koyi sarrafa ta a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar. Sana'ar baƙuwa ce, sai dai bai tafi aron labari ba. Fim ɗinsa na farko, Cabascabo, wanda aka nuna a bikin Cannes a 1969, labarin tsohon soja ne da abokai suka cinye masa kuɗi suka watse. A Le Wazzou polygame ya taɓo auren dole da zaman kishi, 'yan wasa na magana da Zabarmanci, ya kuwa lashe babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Na ƙarshe, L'Exilé, daga tatsuniya ya samo asali.

Ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1981. Har yau FESPACO na ba da kyauta da sunansa ga wanda ya yi fice a fim ɗinsa na farko.