Robert Hooke: Mutumin Da Muka Haddace Sunansa Ba Mu San Shi Ba



Duk wanda muka yi aji biyar tare ba zai manta da makonnin da suka gabaci jarrabawar WAEC ba, lokacin da ake kashe janareto mu kuma mu kunna fitilar ƙwai muna haddar bayoloji har idanu su yi ja. Ni dai babin ƙwayar halitta, wato sel, shi ya fi ba ni wuya, musamman yadda ruwa da gishiri ke shiga su fita ta tantanin da ya kewaye ta. A farkon babin akwai layi ɗaya da kowa ya haddace, cewa Robert Hooke ne ya gano sel a 1665. Mun rubuta, mun ci maki, mun wuce. Sai bayan shekaru masu yawa, da 'yata ta tambaye ni ko wane ne shi na rasa amsa, sa'an nan na nemi tarihinsa. Abin da na samu shi nake so in ba ku.

An haifi Robert Hooke a watan Yuli na 1635 a ƙauyen Freshwater da ke tsibirin Wight, kudancin Ingila. Mahaifinsa limamin coci ne. Yaron ya tashi da yawan laulayi, don haka ba a matsa masa da karatu ba, sai ya shagala da zane da ƙere-ƙere, har ya sassaƙa agogon katako da ke aiki. Mahaifin ya rasu a 1648, Hooke yana ɗan shekara 13. Maraya ya nufi Landan koyon zanen hoto a wurin Peter Lely, amma warin fenti ya riƙa sa masa ciwon kai, sai ya koma makarantar Westminster. A 1653 ya shiga Oxford, ba da kuɗin gidansu ba, sai da waƙar coci da yi wa wasu hidima. A can ya zama mataimakin Robert Boyle, ya ƙera masa na'urar zuƙe iska wadda Boyle ya yi shahararrun gwaje-gwajensa da ita. Ashe dokar Boyle da muka haddace a kimistiri ma akwai hannun Hooke a ciki.

A 1662 ƙungiyar masana ta Royal Society ta naɗa shi mai kula da gwaje-gwaje. Aikinsa shi ne duk zaman mako ya kawo wa manya sababbin gwaje-gwaje su gani, alhali albashin ma ba kullum yake zuwa a kan kari ba. Cikin wannan hidima ya duƙufa kan madubin ƙara girman abubuwa. Da yake haske ba ya isarsa, sai ya cika ƙwallon gilashi da ruwa ya ajiye gaban fitila don ya tattara hasken a kan abin da yake dubawa. Ya duba tsinin allura, da bakin aska, da idon ƙuda, da ƙuma. Har kwarkwata ya bari ta sha jinin hannunsa don ya ga yadda jinin ke wucewa cikinta. Koyon zanen nan da ya yi bai tafi a banza ba, domin ya zana abin da ya gani, ya buga a littafinsa mai suna Micrographia a Janairun 1665. Samuel Pepys, wani babban ma'aikacin gwamnati, ya rubuta cewa har ƙarfe biyun dare ya kai yana karanta shi.

To, a cikin wannan littafi ne labarin sel yake. Hooke ya wasa wuƙa, ya yanki siririn ɓawon itacen da ake toshe bakin kwalba da shi, ya ɗora a kan baƙin faranti ya leƙa. Sai ya ga 'yan ramuka jere kamar saƙar zuma, ya kira su sel, kalmar da asalinta a Latin ke nufin ɗan ƙaramin ɗaki. Ya yi lissafi ya ce za a sami fiye da miliyan dubu a guntun da bai wuce inci ɗaya ba ta kowane gefe. Ya kuma ga irinsu a totuwar wasu tsirrai.

Ga inda abin ya taɓa ni. Ɓawon nan matacce ne, saboda haka ɗakunan da ya gani kango ne, bango kawai ya rage, masu gida sun daɗe da tashi. Ya lura cewa a ɗanyen tsiro ɗakunan cike suke da ruwa, sai ya tambayi kansa ta ina ruwan ke bi daga wannan ɗaki zuwa wancan. Ya nemi ƙofa da madubinsa, ya gwada hura iska, bai samu ba. Bai ƙirƙiro ƙofar ya zana ba. Ya rubuta cewa bai gani ba, amma yana kyautata zaton akwai, kuma wataƙila wani mai madubi mafi kyau zai gano ta.

Wannan tambaya tasa ita ce babin da ya hana mu barci. Kun tuna gwajin doya? Aka fere ta, aka rarake tsakiyarta, aka zuba ruwan sukari, aka ajiye cikin tasar ruwa. Kafin a tashi ruwan cikin ramin ya ƙaru, amma dafaffiyar doya ko gezau. Malaminmu ya bayyana mana cewa dafuwa ta lalata tantanin da ke zaɓen abin da zai wuce. Wannan tantani kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin 100,000 na milimita ba, ina Hooke zai gan shi? Sai a 1826 Dutrochet, mutumin Faransa, ya bayyana osmosis. A 1838 da 1839 Schleiden da Schwann na Jamus suka nuna cewa tsirrai da dabbobi duka da sel aka gina su. A 1925 Gorter da Grendel na Holan suka nuna cewa tantanin maiƙo ne ruɓi biyu. A 1972 Singer da Nicolson suka kawo fasalin da muka sha zanawa a littafin rubutu. Ƙofar da ruwa ke bi kuwa, sai a 1992 Peter Agre da abokan aikinsa suka tabbatar da ita a Amurka, shekara 327 bayan littafin Hooke.

Shi kuwa bai tsaya nan ba. A Satumbar 1666 gobara ta cinye gidaje fiye da 13,000 a Landan. Aka naɗa shi safiyon birni, ya yi shekaru yana auna filaye da tituna cikin toka, yana raba gardama tsakanin maƙwabta. Shi da Christopher Wren suka tsara hasumiyar tunawa da gobarar, mai tsawon ƙafa 202, wadda har yanzu tana tsaye. A 1678 ya buga dokar miƙewar sifirin, wadda muka yi a fiziks.

Sai dai kowane gwani da tasa kasawar. Hooke mutum ne mai kama ayyuka da yawa lokaci ɗaya, kafin ya kammala wani ya riga shi, shi kuma ya tashi da rigima. Ya yi da Huygens a kan agogo, ya yi da Isaac Newton a kan haske, suka sake yi a kan ƙarfin da ke riƙe duniyoyi a falakinsu. Da tsufa ya zo ganinsa ya tafi, ƙafafunsa suka kumbura. Ya rasu ranar 3 ga Maris 1703 a ɗakinsa na kwalejin Gresham, inda yake farfesa, yana da shekara 67, bai taɓa aure ba. Ya yi zaman talauci, amma aka tarar da dubban fam a akwatinsa. A shekarar nan Newton ya zama shugaban Royal Society, tauraronsa ya rufe na Hooke. Mutumin da ya zana ƙuma har duniya ta san kamanninta, shi babu tabbataccen hotonsa ko ɗaya da ya rage.

'Yan'uwa, ga dalilin da ya sa na kawo wannan tarihi. A zamaninmu madubi biyu ne a ɗakin gwaje-gwaje, mukan yi layi kowa ya leƙa tantanin albasa da aka ɗiga wa aidin. Ni da layi ya zo kaina ban ga komai ba sai gashin idona, kunya ta hana ni faɗa, na kwafi zanen littafi na miƙa, na kuma ci maki. Da na karanta yadda Hooke ya amsa cewa bai ga ƙofar ba, sai na ji kunyar da ban ji ba a lokacin.

Da na kai ziyara makarantarmu kwanan baya, na tarar yara sun ninka mu yawa, madubin da ke aiki kuwa bai isa ba. Mafi arhar madubin makaranta na yau ya fi na Hooke ƙarfi nesa ba kusa ba. Ina roƙon taronmu mai zuwa ya duba yiwuwar kowane aji da ya fita ya sayi ko da guda ɗaya. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Kada ƙannenmu da 'ya'yanmu su fita da suna da shekara kawai a ka, kamar yadda muka fita.