Muhammad ɗan Musa Al-Khawarizmi, Malamin Hisabi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, an haifi Muhammad ɗan Musa wajen shekara ta 780 Miladiyya. Ana danganta shi ga Khawarizm, wani yanki na tsakiyar Asiya. Ya zauna a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833. A nan ya wallafa littafinsa na Aljabru wal Muƙabala domin buƙatun jama'a: rabon gado, ciniki da awon filaye. Babban ɓangare na littafin a kan wasiyya yake.

Daga cikin abin da ake koya a wannan fanni akwai rarrabe adadi iri biyu. Na farko shi ne wanda ake iya faɗinsa daidai ta hanyar raba wani cikakken adadi da wani, kamar rabi, sulusi, rubu'i, sudusi da sumuni. Kason magada da ke cikin Suratun Nisa'i duk irin wannan ne, shi ya sa ake iya fitar wa kowa haƙƙinsa ba ragi, ba ƙari.

Na biyu shi ne wanda ya kira asammu, wato kurma. Misali, fili mai kusurwa huɗu, tsawonsa daidai da faɗinsa: in awonsa duka 9 ne, kowane gefe kamu 3 ne, domin 3 sau 3 tara ne. In kuwa awonsa 10 ne, gefensa ya ɗara 3 da subu'i, bai kai 3 da sudusi ba, kuma duk yadda aka ƙara yanka kason, ba za a same shi daidai ba. Ƙa'idar ita ce, cikakken adadin da ba ya fitowa daga ninka wani cikakken adadi da kansa, kamar yadda 4, 9 da 16 suke fitowa, to saiwarsa kurma ce.

Saboda haka wajibi ne mai awon gona ko mai rabon gado ya san wurin da lissafinsa yake daidai da wurin da kusantowa kawai ya yi, ya kuma gaya wa masu haƙƙi gaskiya, domin dukiyar maraya amana ce.

An fassara littafin zuwa harshen Latin a 1145, kuma daga sunansa ne Turawa suka samo sunan wannan fanni. Malamin ya rasu wajen 850. Allah Ya jiƙansa, Ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani, amin.