Ajayi Crowther, Bawan Da Ya Juya Littafi Mai Tsarki

'Yan'uwana 'yan makaranta, ina so in ba ku labarin wani malami wanda ya riga mu cikin wannan aiki, watau Samuel Ajayi Crowther.

An haife shi a Osogun, ƙasar Yarabawa, wajen shekara ta 1809. Cikin 1821 mahara suka ci garinsu, suka kama shi, aka yi ta sayar da shi daga wannan hannu zuwa wancan, har ya faɗa jirgin masu fataucin bayi. Allah ya sa sojan ruwa na Ingila suka tare jirgin cikin 1822, suka kai shi Saliyo. Can ya koyi karatu, ba da jimawa ba ya iya karanta Sabon Alkawari. Aka yi masa baftisma cikin 1825, ya shiga Kwalejin Fourah Bay cikin 1827, ya zama malamin makaranta. Cikin 1864 aka naɗa shi Bishop, shi ne baƙar fata na fari da Ikilisiyar Ingila ta ba wannan matsayi.

Amma a ganina ba naɗin ne babban abu ba. Ya lura cewa maganar da mutum bai ji ba, ba ta ratsa zuciyarsa. Saboda haka ya duƙufa kan juya Littafi Mai Tsarki da Yarabanci. Ya riƙa zama da dattawa yana tsintar kalmomi da karin magana. Ya kuma sa alamun hawa da saukar murya bisa wasula, domin kada mai karatu cikin sujada ya faɗi wata kalma a maimakon wata. Da taimakon abokan aikinsa aka gama wajen 1884.

Shi kansa da Littafin yake dogara. Cikin 1872 Sarkin Ilori ya yi masa tambayoyi a kan addini a gaban fadawa. Bai tsaya gardama ba, sai ya buɗe Littafin ya karanta amsa da ladabi, aka rabu lafiya. Ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891.

To, mu fa? Tun 1932 akwai Littafin dukansa da Hausa. In muka bar shi cikin akwati sai ran Lahadi, me za mu koya wa yaran da za a danƙa mana? Mu karanta kowace safiya, mu kuma gwada karatun tukuna kafin mu tsaya gaban jama'a a majami'a.