Satchel Paige, Gwanin Jifa

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da a ke kira besbol. Mutanen can suna sonsa kamar yadda mutanen Gumel su ke son sukuwa ran salla. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum tara. Kayan wasan ba su da yawa, daga kulki sai wata 'yar ƙwallo mai tauri, wadda ba ta wuce girman lemo ba. Mutum guda ya kan tsaya a tsakiyar fili da ƙwallon a hannu, shi ne majefi. A gabansa, nisan ƙafa 60 da inci 6, an kafa wani farin faifai na roba a ƙasa, faɗinsa inci 17. A gefen faifan nan abokin karawarsa ya ke tsayawa da kulki. Aikin majefi shi ne ya jefa ƙwallo ta bi ta bisa faifan, amma yadda mai kulki ba zai same ta ba. In mai kulki ya kuskure ta sau uku, an kashe shi ke nan, sai ya fita wani ya shigo. In kuwa ya buge ta ta yi nisa, sai ya sheƙa a guje ya kewaya zango huɗu. Ya komo inda ya tashi, ƙungiyarsa ta ci ɗaya. Da an kashe mutum uku sai a juya, masu bugu su koma tsaron fili. Turmi tara a kan yi kafin a tashi.

Cikin majefan da aka taɓa yi, kaɗan ne suka kai wani Baƙar fata mai suna Leroy Paige. An haife shi ran 7 ga Yuli, 1906, a Mobil, wani gari na bakin teku cikin lardin Alabama. Ubansa mai aikin lambu ne, uwarsa kuwa tana wankau da aikace-aikace a gidajen Turawa. 'Ya'yansu suna da yawa, abin hannu kuwa kaɗan. Saboda haka tun yana ƙarami ya ke zuwa tashar jirgin ƙasa yin dako, kamar yadda yara su kan tari fasinja a tashar Gagarawa. Ladan jaka ɗaya bai taka kara ya karya ba. Sai ya nemi sanda da igiya, ya riƙa rataya jaka uku ko huɗu yana ɗauka gaba ɗaya. An ce daga nan ne abokansa suka laƙaba masa Satchel, watau gafaka, sunan kuwa ya bi shi har kabari.

Wani abin da ya iya tun yana yaro shi ne jifa da dutse. Yaron Sule Tankarkar da ya taɓa tsaron gero da majajjawa ya san ba ƙarfi kaɗai ke saukar da tsuntsu ba, sai da saiti. To, Leroy yana da duka biyu. Amma ba ya son zuwa makaranta, kuma cikin 1918 aka kama shi ya ɗauki wasu 'yan kayayyaki a kanti. Alƙali ya aika da shi makarantar horon yara a Mount Meigs, yana da shekara 12. Ya yi shekara biyar a can. Nan ne aka karɓe dutse daga hannunsa aka ba shi ƙwallo, aka koya masa yadda zai ɗaga ƙafar hagu sama, ya sako jifa da nauyin jikinsa duka.

Ya fito a ƙarshen 1923, dogo, siriri kamar kara. Cikin 1926 ya fara cin abinci da wasan a garin Chattanooga, shekarar da ta biyo ya koma Birmingham, daga baya kuma Pittsburgh. Jifansa na da tsananin gudu, har masu kulki su kan kai bugu bayan ƙwallo ta riga ta wuce. Amma saitinsa ya fi ba mutane mamaki. Ya kan ajiye 'yar takardar cingam a ƙasa maimakon faifai, ya yi ta jifa ta bisanta, sau da yawa a jere. Wani lokaci, don ya ba 'yan kallo sha'awa, sai ya kira 'yan'uwansa masu tsaron bayan fili su zo su zauna, shi kaɗai ya kashe masu kulkin. Wannan dai akwai 'yar fariya a ciki, sai dai mai yin ta ya kan cika alkawari.

Duk da haka ƙofar manyan ƙungiyoyin Amurka a rufe ta ke gare shi. A zamanin nan masu ƙungiyoyin sun haɗa baki ba za su ɗauki Baƙar fata ba, kome gwanintarsa. Sai Baƙaƙe suka kafa tasu gasar dabam tun 1920. 'Yan wasansu su kan yi ta yawo gari gari cikin mota, sau da yawa a hana su masauki, a hana su zama a gidan abinci. In lokacin gasa ya wuce, gwanayen Turawa su kan shirya wasa da su don neman kuɗi. A irin wannan ne Paige ya kara da manyan majefa kamar su Dizzy Dean da Bob Feller, kowa ya gani da idonsa ba su fi shi da kome ba. Ya kuma ƙetare teku ya yi wasa a Kyuba da Jamhuriyar Dominika.

Cikin 1938, yana wasa a Meksiko, sai hannunsa na dama ya ƙi. Ciwo ya kama shi tun daga kafaɗa, har ɗaga hannun ya zama aiki. Majefi ba shi da wata dukiya sai hannunsa, kamar yadda maƙeri ba shi da sana'a in ba zuga-zugi. Ƙungiyoyin da dā su ke rububinsa duk suka juya masa baya. Sai mutum ɗaya, J. L. Wilkinson, mai ƙungiyar Monarchs ta Kansas City, ya ɗauke shi ya sa shi cikin ƙaramar ƙungiyarsa mai yawon ƙauyuka, don sunansa ya jawo 'yan kallo. Ana yi masa tausa, ana gasa hannun da ruwan zafi. Da ya ke ƙarfi ya tafi, tilas ya koyi dabara. Ya koyi jifa mai lanƙwasa, da jifa mai tafiya sannu, da wani kuma wanda ya kan ɗan dakata a tsakiya kafin ya saki, mai kulki ya riga ya kai bugu a banza. Ana nan cikin 1939 Allah ya mayar masa da hannunsa. Ya tashi da ƙarfin dā, ga kuma dabarun da ciwo ya koya masa. A 1942 Monarchs suka cinye gasar Baƙaƙe, suka ka da Homestead Grays sau huɗu a jere, Paige kuwa ya yi jifa cikin kowane wasa.

A 1947 aka buɗe ƙofar nan, amma ba da shi aka fara ba. Jackie Robinson aka ɗauka, saurayi wanda ya taɓa zama ƙaraminsa a Monarchs. Abin ya sosa wa Paige rai ƙwarai, gama shi ya daɗe yana cika filaye da mutane. Sai ran 7 ga Yuli, 1948, ranar da ya cika shekara 42, Bill Veeck mai ƙungiyar Cleveland ya ɗauke shi. Yawancin majefa kafin su kai waɗannan shekaru sun riga sun bar wasa. Wasu 'yan jarida suka ce wasan yara ne kawai, an kawo tsoho don a sayar da tikiti.

Ran 20 ga Agusta mutum 78,382 suka hallara a filin Cleveland da dare. Sai wanda ya taɓa kutsawa cikin kasuwar Maigatari ran Alhamis zai iya kwatanta irin wannan cinkoso. Paige ya yi turmi tara cur yana jifa, mutanen Chicago ba su ci ko ɗaya ba, aka tashi 1 da 0. A shekaran nan ya ci wasa 6, aka cinye shi sau 1 tak. Da gasa ta ƙare sai aka tarar Cleveland da Boston sun yi kunnen doki, sai da aka sake wasa guda kana Cleveland ta wuce. Da babu shidan nan nasa, da ba su kai nan ba. Suka ci gaba suka ɗauki babbar gasar ƙarshen shekara, shi ne kuwa Baƙar fata na farko da ya yi jifa a cikinta.

Daga 1951 zuwa 1953 ya yi wasa a St. Louis, bayan nan ya koma ƙananan ƙungiyoyi. Ya kan ji daɗin ruɗa mutane a kan shekarunsa, yau ya faɗi wannan, gobe ya faɗi wancan. Ran 25 ga Satumba, 1965, yana da shekara 59, wata ƙungiyar Kansas City ta kira shi wasa ɗaya. Aka ajiye masa kujerar tsofaffi a gefen fili don raha. Ya tashi daga kanta ya yi turmi uku da mutanen Boston, mutum ɗaya kaɗai ya sami bugun kirki, ba wanda ya ci.

A garin Cooperstown akwai wani zaure inda a ke kafa allunan tunawa da gwanayen besbol. Cikin 1971 aka zaɓi Paige, shi ne na farko daga gasar Baƙaƙe. Da fari an so a kafa allonsa a wani sashe dabam, amma mutane suka ta da murya, aka fasa, aka kafa shi tare da na sauran. Ya rasu a Kansas City ran 8 ga Yuni, 1982, yana da shekara 75, a can kuma aka binne shi.